Tiyon da Na Zuƙa a Poland

Ni bakaniken babur ne, kuma bakanike in ya rasa ido ya rasa sana'a, don ramin da muke nema a cikin kafireta bai kai ƙwayar gero ba. Shi ya sa in aka tambaye ni labarin zamana a ƙasar Poland, ba sanyin nake fara tunawa ba, ba kuma cutar da aka yi mini ba. Ranar da haske ya fara guduwa daga idona nake tunawa, ina tsaye a bakin filin tsere da sifana a hannu.

Sunana Hamisu. A Roni aka haife ni, a Kazaure na koyi aiki, a garin Babura na kafa 'yar rumfata kusa da tasha. Abokan cinikina 'yan acaba ne, har da na Nijar masu tsallakowa ranar kasuwa, kuma dukkansu maganarsu ɗaya ce: "Oga Hamisu, a rage masa shan mai." Ko babur ɗin yana tari, ko yana shaƙewa a kan tudu, su dai a matse. Na ƙware a wannan matsi har aka san ni da shi.

Wani dillali a Kano ne ya yi mini hanya, ya ce kamfanin haɗa babura ne ke neman ma'aikata. Da na sauka a Warsaw na tsaya ina dube-dube ko zan ga mai riƙe da sunana, ba kowa. Can sai ga wani ƙato da motar kaya, ya kwashe mu mu da yawa, baƙaƙe da Indiyawa, ya yi ta gudu da mu har gari ya ƙare, gonaki suka fara. Kamfanin da aka sauke mu ba ko tayar keke a cikinsa. Gidan gyaran kaji ne. Aka ba ni farar riga da wuƙa, aka tsayar da ni a ɗakin sanyi ina raba cinya da ƙirji. Na kira dillalin nan har na gaji, wayarsa a kashe. Wallahi da ya shigo ɗakin nan a lokacin, ban san abin da zan yi da wuƙar ba.

Yatsuna suka daina jin komai. Abinci kuwa burodi da kifin gwangwani da ƙwai, don ban yarda da namansu ba. In na kira mahaifiyata, Inna, sai in ce mata lafiya lau, aiki yana kyau, ita kuma ta yi ta ba ni labarin gero ya yi kai, akuyarta ta haihu. Ina ajiye wayar sai ƙwalla. Ban taɓa zaton ƙanshin miyar kuka zai iya sa ƙaton mutum kuka ba.

Wata Lahadi ina kwance a masaukinmu na ji ƙara daga bayan gari. Kukan babur ne, amma ba irin namu ba, wani ruri ne mai shiga ƙirji. Na sa takalmi na bi sautin har na iso wani fili mai kewaye, na leƙa ta tsakanin katako. Babura huɗu ne ke zagaye a kan jar tsakuwa, da sun iso kwana sai su karkatar da babur gaba ɗaya, tayar baya tana feshin ƙasa, ƙafar hagu tana jan ƙasa da takalmin ƙarfe. Na duba da kyau ban ga birki ba, ko na gaba ko na baya, ban kuma ga ana canza giya ba. Na ce, "Innalillahi! Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Da aka tashi na ga wani tsoho yana fama da tura babur cikin mota shi kaɗai. Na kama masa. Ya dubi hannuna, ya ga tabon ƙunar salansa a damtsena, sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini nasa, wuri ɗaya sak. Muka yi dariya ba wanda ya ji yaren wani. Sunansa Yanush, ni kuwa Baba Yanush nake ce masa. Shi ke gyara wa ɗan ƙanwarsa, Tomek, babur ɗin tsere. Tun daga ranar, duk sanda na samu sarari ina garejinsa, har dai ya nuna mini wani ɗan ɗaki a sama ya ce in dawo. Na san takardar zamana a ɗaure take da gidan kajin nan, in na bar su na zama mara izini. Na bar su duk da haka, don na gaji da ƙarnin kaji.

Tsohon nan ya yi mini abin da ban roƙa ba. Ya ba ni jibgegiyar rigar sanyinsa. Ya ga ina salla a kan kwali, washegari ya kawo sabon ɗan kafet ya shimfiɗa a kusurwa. Ya kwashe naman aladensa daga firijin gareji ya mayar gida. Magana kuwa rabi da hannu, rabi da waya mai fassara, sauran da 'yan kalmomin da na tsinta.

Kafireta dai kafireta ce, ko a Babura ko a Turai. Inji yana zuƙar iska, iskar ta bi ta wani maƙogwaro da aka matse tsakiyarsa. In ta zo wurin matsin sai ta ƙara gudu, gudun nan ne ke tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa, ta cikin jet, wato ɗan tagullan nan mai rami a tsakiya. Ka murɗa totur, marfin da ya tare maƙogwaron ya ɗaga, allurar da ke jikinsa ta janye daga ramin, iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Wannan duk na sani tun ina yaron gareji. Abin da ban sani ba shi ne man da suke sha.

Ba fetur ba ne. Metanol suke ce masa, fari tas kamar ruwan randa, ba shi da warin fetur, in ya zuba a hannu sai ka ji sanyi. Ƙarfinsa a cokali bai kai na fetur ba, don haka sai inji ya sha ninki biyu ko fiye, amma yana sanyaya inji, yana kuma jure matsin da fetur ba zai jure ba. Saboda haka komai na kafiretarsu a buɗe yake. Ranar da na fara kwance jet ɗinsu na ɗaga shi sama, sai na hango bishiya ta cikin ramin, tsinken ashana ya kusa wucewa. Na ce wannan ai ya cinye, na shiga neman ƙarami in sa. Baba Yanush ya buge mini hannu, ya miƙa kan kanta ya ɗauko wani fistin da ya huje a tsakiya, gefen ramin ya narke.

Ya yi magana a waya, ta fassara mini: "Wani ya rage mai. A nan ba ma tsoron ya sha da yawa. Ƙishirwarsa muke tsoro."

Na ce, "Baba, da 'yan acabar Babura za su ji ka, da sun jefe ka."

Yana da akwatin jet, kowanne da lambarsa 'yar mitsitsiya a jiki. Ranar tsere sai ya tsaya ya dubi sama, ya shaƙi iska. In gari ya yi sanyi iska ta yi nauyi, sai a sa babban jet don mai ya kamo ta. In rana ta buɗe a rage kaɗan. Da an gama tsere kuma dole a tsiyaye man kaf, a wanke kafireta, don metanol yana jan ruwa daga iska, yana cin ƙarfe, ya bar wani farin gari kamar kanwa da ke toshe hanya. Ya ba ni safar hannu, ya nuna mini hoton ƙoƙon kan mutum a jikin duro, ya ce, "Guba." Na ce to. A raina kuwa na ce, wane bakanike ne a Jigawa bai sha fetur ba?

Ranar wata Asabar, ana gobe tsere, Baba Yanush ya tafi ɗauko tayoyi ya bar ni da babur ɗin Tomek. In ya tashi sai ya mutu, kamar mai jin yunwa. Na kwance kofin kafireta na tarar da shi a bushe. Na zare tiyon da ke kawo mai daga tanki, sai ɗigo-ɗigo yake yi. To a gida in tiyo ya toshe me ake yi? Ka kafa baki ka zuƙa, mai ya taho, ka tofar. Na yi haka sau dubu. Bakina ya riga kaina isa wurin.

Zuƙar farko ba komai. Ta biyu na ja da ƙarfi, dattin ya saki. Sai dai tiyon nan ba irin siririn namu ba ne, kaurinsa ya kai yatsa, an yi shi ne don mai ya kwarara. Kafin in janye baki ya cika mini maƙogwaro, na haɗiye, na sake haɗiyewa ina tari. Na tofar da saura, na kurkure baki, na buɗe firiji na sha madara kamar yadda muke yi in fetur ya wuce. Babur ya tashi raɗau. Na ɗan ji jiri, ya wuce. Da tsohon ya dawo ban gaya masa ba, don a ganina ba abin da ya faru.

Na tashi ranar Lahadi da ciwon kai da murɗar ciki, na ɗora wa kifin gwangwani laifi. Muka loda babura muka tafi fili. Wajen la'asar hadari ya taso, iska ta yi sanyi, Baba Yanush ya faɗi lambar jet ɗin da yake so. Na buɗe akwati na ɗauki ɗaya, ban ga lamba ba. Na goge shi a riga, na matso da shi, babu. Na murza ido. Wani fari-fari ne ke yawo a gabana kamar ana shiƙar gero. Na ɗaga kai na dubi 'yan kallo, sai na ga launi kawai ba fuskoki. Numfashina ya soma fita da sauri ba tare da na yi gudu ba.

"Hamis?" in ji tsohon, don haka yake kirana.

Ya kama haɓata ya leƙa idona. Ban san yadda zan faɗa da yarensu ba, sai na ɗauki tiyo na kai baki, na nuna maƙogwarona. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Yaushe?"

"Jiya."

Ana kiran sunan Tomek a lasifika, Baba Yanush ya jefar da sifana ya bar babur a buɗe, ya ja ni kamar akuya zuwa motar asibitin da ke tsaye a bakin fili. Likitar mace ce, tana jin Turanci. Ta haska mini tocila, ban ƙifta ba. Ta ce hantata ce take juya man nan zuwa wani abu mai cin jijiyar ido, kuma tun jiya take wannan aiki. Ta ce hanta ta fi son barasa, in ta samu barasa sai ta saki gubar, har a kai ni inda za a wanke mini jini. Asibitin da nisa, ba ta da allurar maganin gubar a mota. Kafin ta rufe baki Baba Yanush ya samo kwalba a wurin wani, na ji yana tsiyayawa a kofi. Ka ji fa, babur ɗin da ba a canza masa giya shi ya kawo ni gaban giya.

Na ce ba zan sha ba, ba kuma zan je asibiti ba, don za su kira 'yan sanda. Ta ce, "Takarda ba aikina ba ce. Idonka ne aikina, kuma kana ɓata mini lokaci."

Ni da ban taɓa kusantar abin nan ba, warinsa kaɗai ya sa na kawar da kai. Na ce a ba ni wayata in kira yayana. Na riƙe ta, ban ga sunaye ba. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Baba Yanush ya karɓa yana karanto sunayen da bakinsa na Bature har ya zo kan "Yaya", na ce shi ne.

Yaya Sabi'u malamin Islamiyya ne a Kazaure, mutumin da in direba ya kunna kiɗa sai ya sauka daga mota. Na gaishe shi a gurguje na faɗa masa komai, ina haki.

Ya ce, "Wa ya ce barasa ce maganin? Likita ko bakanike?"

"Likita ce, Yaya. Ga ta nan tsaye."

"Babu wani maganin?"

"Ta ce sai an je asibiti, kuma da nisa."

"Yanzu kana gani?"

"Dishi-dishi. Hannuna ma ba na gani sosai."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "To me kake jira? Lalura ce. Sha!"

"Yaya, in yi bismilla?"

Muryarsa ta canza. "Ka ce Ya Shafi, ka haɗiye. Hamisu, ka sha don Allah. Inna kuma bar ni da ita, kada ka gaya mata."

Na sha. Wuta ce ta bi maƙogwarona har ciki, ina kuka ina haɗiya, likitar tana cewa saura kaɗan. Motar ta tashi da jiniya, Baba Yanush yana riƙe da ƙafata.

A asibiti suka sa mini ƙarin ruwa, suka jona ni da injin wankin jini. Washegari na buɗe ido na ce a kunna fitila, ma'aikaciyar ta ce rana ce tsaka. Duhu ne ɗungurum. Na tambayi likita ko ganina zai dawo, ya ce wani yakan dawo, wani ba ya dawowa, sai an jira. Ban san wani abu da ya fi wannan jiran wuya ba. Ina kwance ina ganin kaina a ƙofar gidanmu a Roni da sanda, ana ja na zuwa masallaci, mutane suna cewa ai shi ne ya je Turai. In na ji motsi sai in buɗe ido da ƙarfi kamar ƙarfin zai taimaka. Na yi ta ƙoƙarin tuno fuskar Inna dalla-dalla, don kada in wayi gari ita ma ta ɓace mini.

Baba Yanush bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Ya zo da dafaffen ƙwai ya ɓare ya sa mini a hannu, ya zauna yana ta surutu da yarensa, ni ina amsa masa da Hausa. Ashe ya lura da lokutan da nake tashi salla a gareji. In lokaci ya yi sai ya taɓa mini wuyan hannu ya ce, "Hamis, Allah," ya juya mini kafaɗa zuwa alƙibla, don ya sa an duba masa ita a waya.

Hasken ta gefe ya fara dawowa. Wata safiya na hangi bakin taga ta wutsiyar idon hagu, na yi ihu har ma'aikata suka rugo. Daga nan na fara ganin takalman mutane, da ƙofa, da hannun tsohon. Amma duk abin da na kalla kai tsaye sai ya shige cikin wani baƙin tabo da ya zauna a tsakiya. Na jira tabon ya tafi, bai tafi ba. Idon dama ya tafi kusan duka, na hagu ya bar mini gefe. In ina son ganin abu sai na kawar da kai, in dube shi ta wutsiyar ido. Jet kuwa ko na riƙe shi a hannu, da yatsa nake sanin yana da rami.

Hukuma ta gano zancen takardata, aka ba ni wa'adi in bar ƙasar. Ban yi gardama ba. Baba Yanush ya kai ni filin jirgi, ya rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara.

Yaya ya tarye ni a Kano, muka wuce Roni. A hanya ya ce abin da ya gaya wa Inna shi ne sanyin ƙasar ne ya kwantar da ni. Muka yi sallama muka shiga, na ji muryarta daga gindin darbejiya tana hamdala. Na bi muryar, na durƙusa a gabanta, kaina a ƙasa, na gaishe ta. Ta yi ta sa mini albarka, tana shafa kaina.

Ta ce, "Ɗago in gan ka. An ce ka rame."

Na ɗago. Inda fuskarta take, baƙin tabon nan ne. Na kawar da kai wajen katanga don in samo ta ta gefe, na same ta, ta tsufa fiye da yadda na bar ta.

Ta janye hannunta daga kaina. "Hamisu, me ka aikata a can da ba ka iya dubana?"

Yaya ya yi gyaran murya zai yi magana, na riga shi.

"Inna, dubanki nake yi. Ta nan kaɗai nake ganinki."

Na ji iskar hannunta tana wucewa a gaban fuskata, ban ga hannun ba sai da ya zo gefe. Ba ta yi salati ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ja 'yar kujerarta a ƙasa ƙiii, ta kawo ta hagu da ni ta zauna.

"Nan fa?"

"Nan ina ganinki, Inna."

"To gyara wuyanka kada ya yi ciwo. Nan zan riƙa zama."